Jami'ar da Direbobi Ba Su Sani Ba

A gidanmu ni ne ɗan boko, kuma na daɗe ina cin wannan sarauta ba tare da kowa ya naɗa ni ba. Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu. Yaya ya tashi da komar kamun kifi da fartanya, ni kuma aka kai ni firamare, ba don na fi shi kai ba, sai don ranar da aka zo rubuta yara shi yana kan ruwa, ni ina ƙofar gida ina shan rake. Iyayenmu suna cikin waɗanda ruwan madatsar Tiga ya tasa daga tsohon garinsu. Aka ba su fili a kan tudu, suka sake kafa gida, suka koyi su da noman rani a kan dole. Har yau Yaya yana can, da sassafe yana kan ruwa, da hantsi yana fadama. Ni kuwa na yi kwalejin horon malamai, na samu koyarwa a wata ƙaramar sakandare a Kiru, na kama haya a can, na sayi babur da tabarau.

Duk takardar da ta shigo danginmu sai ta bi ta hannuna. Katin asibiti, takardar rabon taki, har 'yar takardar nan da ake naɗewa cikin kwalin maganin feshi. Na saba da yadda ake miƙo min da hannu biyu sannan a yi tsit. Sai in gyara tabarau, in yi gyaran murya, in ɗan daɗe ina kallon rubutun ko da na gama karantawa tun a duban farko. Ina jin daɗin wannan shirun, ba zan ɓoye ba. Abu ɗaya ne ban koya ba a duk karatuna, shi ne in buɗe baki in ce ban sani ba.

Yaya yana da 'yar fari, kuma a wurinmu mutum ba ya nuna 'yar fari tasa ce. Ba ya kiran sunanta, ba ya yabonta, ba ya tsaya mata a gaban mutane. In babbar magana ta taso a kanta, ɗan'uwansa ke yankewa, shi nasa ido. 'Yan zamaninmu da yawa sun sassauta wannan alkunya, amma Yaya ya riƙe ta yadda ya gada. In zai yi min zancenta sai ya ce "'yar taka". Uwarta ma haka. Saboda haka tun tana rarrafe yarinyar tawa ce a al'adance. Ni na kai ta firamare, ni na sa hannu a takardunta na sakandare a Kafin Maiyaƙi, ni ake yi wa barka in ta zo ta ɗaya, kuma an sha yi min barka.

Aikin jinya take so, kuma ba a littafi ta ga abin ba. Lokacin da mahaifiyarmu ta kwanta ciwon ajali, ita ce ke juya ta, ta yi mata wanka, ta san wane magani ne na safe, wane ne na bayan abinci, alhali mu manya muna tsaye a ƙofar ɗaki muna ta jera sannu. Da ta gama sakandare sakamakonta ya yi kyau, jarrabawar shiga jami'a ma ta ci, muka zauna jiran abin da Allah zai yi.

Wata Laraba bayan la'asar sai ga Yaya a Kiru, da ƙunshin busasshen kifi a hannu. Bayan mun gaisa ya sa hannu a aljihun 'yar ciki ya zaro wata leda, ya warware ta a hankali, ya miƙo min takarda. Ya ce shugabar makarantar 'yar tawa ce ta aiko da ita.

Takardar samun gurbi ce daga wata sabuwar jami'a mai zaman kanta, a wani ƙaramin gari da bai fi tafiyar awa biyu daga wurinmu ba. Attajirin da ya kafa ta ya ware wasu gurabe kyauta domin 'ya'yan karkara da suka yi fice, karatu da wurin kwana duka, kuma sunan yarinyarmu ya fito a sashen jinya. A ƙasa an rubuta cewa a bayyana cikin mako biyu, in ba haka ba a ba wani. Na karanta sunan jami'ar sau biyu. Ban taɓa jin sa ba, ko a rediyo.

Yaya yana kallon bakina. Ya ce, "Ka san ta, Malam?"

Na ce masa ya ba ni kwana uku in bincika. Wannan amsa daidai ce, da a ce na yi abin da na faɗa.

Washegari da yamma na tafi majalisarmu, a ƙofar shagon wani tela, inda mu malamai kan zauna mu gyara ƙasa da baki. A cikinmu akwai malamin lissafi, mutum mai kaifin harshe, wanda babban ɗansa ya samu shiga babbar jami'ar nan ta Zariya a shekarar. Tun daga ranar bai bar mu mun huta ba. Ko zancen tsadar tumatir ake yi sai ya san yadda ya biyo da shi ta Zariya. Ni kuma ga takarda a aljihuna tana min ƙaiƙayi. Da na ga an ɗan yi shiru sai na jefa maganar kamar ba komai ba, na ce 'yata ma ta samu jami'a. Aka yi ta masha Allah. Aka tambaye ni wacce, na faɗi sunan.

Shirun da ya biyo baya ba irin wanda na saba da shi ba ne. Kowa ya dubi na kusa da shi. Can sai malamin lissafi ya karkata hula ya ce, "Malam, wannan jami'a ce ko kamfanin taki?"

Majalisa ta ɗauki dariya, har tela ya tsayar da kekensa. Wani ya ce ai yanzu duk wanda ya samu bulo da gwangwanin fenti sai ya buɗe jami'a. Wani ya kawo labarin wata makaranta da aka yi shekaru ana karatu sannan aka gano ba ta da rajista. Ni kuma, maimakon in ce a bari a bincika, sai na fi kowa ɗaga murya wajen dariyar. Har na ce ai dama don su sha dariya na kawo zancen, ina ni ina kai 'yata inda ba wanda ya sani. A nan na sayar da ita, a kan bencin tela, kuma ko ruwa ba a ba ni ba.

Akwai wani tsohon miki a ƙarƙashin wannan, gara in faɗe shi. Sau biyu na nemi Zariyar nan a ƙuruciyata ban samu ba, sannan na haƙura na tafi kwaleji. Na lura duk wanda ya ce a can ya yi karatu, ba a sake yi masa wata tambaya, sai dai a gyara zama. Abin da nake so ke nan. Ina son sunan da in na faɗe shi ba wanda zai ce min "a ina take?" Ban samu da kaina ba, sai na ɗora wa yarinyar ta samo min.

Duk da haka na yi wani abu da na kira bincike. Ranar Asabar na hau babur zuwa Kwanar Dangora, wai in tambayi direbobi, tunda ba garin da direba bai sani ba. Na farko ya ce ya san garin, ana samun dankali mai kyau, amma jami'a kam bai ji ba. Na biyu ya kira kwandastansa, shi ma ya girgiza kai. Wani dattijo da ke sayar da tikiti ya ce ko wurin nan ne da ake ta jan wata doguwar katanga? Bai tabbata ba. Na sayi ƙosai na ci a tsaye, na ji raina ya yi fes. Makarantar da ko direba bai sani ba, wa zai san takardar shaidarta?

Ga lambar waya a ƙasan takardar, ga kati a wayata. Ga babur da mai a ciki, kuma daga inda nake tsaye ban fi awa ɗaya da rabi da wurin ba. Ban kira ba, ban je ba. A lokacin na gaya wa kaina cewa ɓata lokaci ne. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji in je in tarar da wurin kirki, don in na tarar dole in tura ta, in na tura ta kuma dole in koma majalisa in janye dariyata.

Ranar Lahadi na tafi ƙauye. Na tarar da Yaya a fadama yana ba albasa ruwa. Ya kashe injin, muka koma gindin mangwaro, ya aika a kirawo min 'yata. Ta zo da kwanon fura, ta ajiye, ta ja gefe ta durƙusa.

Na yi dogon bayani, irin na wanda ba shi da hujja. Na ce na bincika sarai. Na ce wurin ba komai ba ne illa allo a bakin hanya da ɗakuna uku a cikin daji. Har yau ban san inda na samo ɗakunan nan uku ba, bakina ne ya gina su a take. Na ce ko ta gama, ranar neman aiki za a riƙe takardarta a tambaye ta ina ne nan, ta rasa amsa. Na ce ta yi haƙurin shekara ɗaya, zan samo mata Zariya ko Kano, ina da mutane. Mutanena kuwa mutum ɗaya ne, wani da muka yi kwaleji tare, yana riƙe fayil a wani ofis.

Yaya bai ɗago ba. Ya ɗauki wani tsinke yana kankare laka daga bakin fartanya. Da na numfasa sai ya ce a hankali, "An ce dai akwai asibitin da suke zuwa koyon aiki."

Na ce, "An ce, an ce. Yaya, ai gani ya kori ji."

Ban ce na je ba, amma na bar maganar yadda duk mai hankali zai ɗauka na je. Ya daɗe yana kankare fartanyar da ta riga ta yi fes. Sannan ya ce, "To, 'yarka ce, Malam."

Na juya na tambaye ta ko tana da magana. Ta ce babu, Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Muka ce amin. Na sha furar har ƙasan kwano, uwarta ta aiko min da kifi da albasa, na ɗaure a bayan babur na koma Kiru ina jin na cece ta daga hannun 'yan damfara.

Shekara ta zagayo ta sake jarrabawa, ta ci, sunanta bai fito ba. Na tafi Zariya da kaina, na wuni a kan benci a ƙofar ofis ina gaishe da duk wanda ya wuce da fayil. Abokin nawa ya yi murna da ganina, ya saya min lemo, ya rubuta lambarta a bayan wata ambulan, daga nan ban sake jin komai ba. Shekara ta biyu muka nemi Kano. Masu neman sashen jinya sun fi ƙarfin wurin, aka ce mu saurari jerin sunaye na biyu, muka saurara har aka fara karatu. Da ta uku ta zo na sake ɗauko zancen fom, sai ta ce, "Baffa, a bar shi haka." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma kalle ni ba.

Ta samu wata tsohuwar nas da ta yi ritaya ta buɗe kemis a Kafin Maiyaƙi, ta ɗauke ta aiki, tana kwana a gidan goggonta. Ni kuma na samu abin ɗora wa laifi. Duk inda na zauna sai in ce ƙasar nan in ba ka da hanya ɗanka ba zai yi karatu ba, ga 'yata nan da ƙwaƙwalwarta tana zaune. Mutane su yi ta tsaki suna taya ni. Akwai gaskiya a maganar, shi ya sa ta yi min daɗin fakewa. Yaya bai taɓa ce min uffan ba. Kifi bai fasa zuwa ba, in an yi sabuwar albasa buhuna daban. Takardu ma ba su fasa zuwa hannuna ba.

Bayan wasu shekaru aka turo sunayenmu za mu je bitar malamai ta kwana uku. Da na duba inda za a yi, sai na ga ashe jami'ar nan ce. Na so in ce ba ni da lafiya, amma shugaban makaranta ya riga ya sa hannu. Muka tafi mu huɗu, har da malamin lissafi. A Kwanar Dangora ba mu ma tambayi kowa ba, kwandasta ne ke ta kiran sunan garin da na jami'ar a haɗe, mota ta cika kafin mu gama sayen ruwa.

Ba zan ce na ga aljannar duniya ba. Itatuwan ba su gama girma ba, akwai ginin da aka tsaya a rabi, ruwan famfo ma yakan ɗauke. Amma jami'a ce. Ga azuzuwa, ga ɗakin karatu, ga ɗakunan gwaje-gwaje, ga masallaci. Da safe na tsaya a baranda na ga 'yan mata cikin fararen kaya suna shiga wata doguwar mota da ke kai su asibiti koyon aiki, suna ta hira, wata tana cin biredi tana gudu kada a bar ta. Na kasa shiga zauren bitar sai da motar ta fice.

A rana ta biyu kaina ya matsa min da ciwo, aka nuna min ƙaramin asibitin makarantar. Wata matashiyar nas ta auna jinina. Da ta ji daga Kiru nake sai ta ce ai ita 'yar Tudun Wada ce, muka sake gaisawa. Na tambaye ta inda ta yi karatu, ta ce a nan, suna cikin na farko-farko, irin waɗanda aka ɗauka kyauta. Ta ce a lokacinsu akwai waɗanda aka ba gurbin ba su zo ba, saboda iyaye ba su san makarantar ba. Ita ma babanta sai da ya zo ya zagaya ko'ina, har banɗaki ya leƙa, sannan ya yarda. Ta yi dariya tana faɗa. Na tambaya ko har yanzu ana ba da guraben, ta ce an daina tun da makarantar ta cika. Ta ce jinina ya ɗan hau, in rage tunani.

Da yamma muna zagayawa da malamin lissafi, yana ta yaba wurin, har yana cewa autarsa ma nan yake so ya nema mata in Allah ya hore. Na tsaya na dube shi. Na tuna masa da ranar da ya tambaye ni ko kamfanin taki ne.

Ya ce, "Ni? Yaushe?" Da na matsa sai ya yi dariya ya dafa kafaɗata. "Kai, Malam, zancen majalisa kake riƙewa?"

Ban ga laifinsa ba. Shi ya yi ba'arsa ta minti ɗaya ya wuce gida ya ci tuwo. Ni ne na ɗauki ba'ar na je na yanke wa yarinya hukunci da ita.

Ranar da aka tashi daga bita ban wuce Kiru ba, na nemi motar Kafin Maiyaƙi. Ranar kasuwa ce, kemis ɗin a cike. Na samu gefen benci na zauna ina kallonta. Tana yi wa wata Bafulatana bayanin yadda za ta ba ɗanta magani, da Hausa da ɗan guntun Fulatancin da ta tsinta, tana zana layi a jikin kwalin don matar ta gane safe da yamma. Wani ya zo yana neman allura, ta ce ba za ta yi ba sai ya je asibiti an duba shi, ya yi ta faɗa, ba ta kula ba. Da mutane suka ragu ta zagayo ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi mutanen gida.

Na shirya magana tun a mota, amma duk ta zube. Na ce mata daga jami'ar nan nake. Na ce ban taɓa taka wurin ba sai wannan makon. Na ce abin da na faɗa musu a gindin mangwaro ƙarya ce, ban bincika ba, direbobi kawai na tambaya, kuma dariyar abokai ce ta sa.

Ta miƙe ta koma bayan kanta tana jera wasu kwalaye da ba su bukatar jerawa. Sannan ta ce, "Na sani, Baffa."

Na ce ta yaya.

"Ai mun je. Ni da Baba."

Ta ce ranar Asabar ɗin nan, kwana ɗaya kafin zuwana, Baba ya ari babur, ya ce wa mutanen gida zai je neman kayan inji, ya ce ta fito ta bayan gari ta jira shi. Mutumin da ko sunanta ba ya kira, shi ya goya ta a babur har ƙofar jami'ar. Aka karɓe su, aka zagaya da su, har wata malama ta ba su ruwan sanyi. Wato sa'ad da nake tsaye a tasha ina cin ƙosai, su suna ciki.

Na tuna yadda na zauna na gina ɗakuna uku a gaban mutum biyu da suka ga wurin jiya-jiya, har ina gaya wa Yaya gani ya kori ji. Na ce to me ya hana su magana?

Ta ce, "Baba ya ce in ya yi magana ya ƙaryata ka a gabana, kuma za a ce ya tsaya wa 'yar fari. Ya ce kai ka yi karatu, wataƙila akwai abin da ka hango wanda idonmu bai kai ba."

Na ce, "Ke fa?"

"Ni wa zan ƙaryata, Baffa?" Ta ajiye kwalin da ke hannunta. "Na yi fushi da kai, ba zan ɓoye maka ba. Na fi shekara biyu in na gaishe ka baki ne kawai. Yanzu ya wuce."

Na roƙe ta gafara. Ban taɓa roƙon ƙaramin yaro gafara ba, ban ma san yadda ake yi ba, sai da na maimaita sau biyu. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Wata mata ta shigo da jariri yana tari, ta ce in yi mata haƙuri, ta juya wurinta. Na fita ba tare da na yi sallama da kyau ba.

Na hau acaɓa zuwa ƙauye. Rana ta yi sanyi sa'ad da na isa fadama. Yaya yana tsaye cikin laka yana bin ruwa daga wannan kwamin shuka zuwa wancan, yana toshe wannan yana buɗe wancan. Ya ga jakar bita a kafaɗata, ya ga fuskata, ya yi min sannu da hanya. Na tsaya a bakin lambun, takalmina yana nutsewa.

Na ce, "Yaya, ashe kun je."

Ya toshe bakin wani kwami da fartanya, ya danna da ƙafa, ya tsaya yana kallon ruwan yana canja hanya. Na yi zaton zai ce ya wuce, ko ya ce haka Allah ya ƙaddara, yadda ake faɗa. Da ya faɗi haka da na samu sauƙi.

Ya ce, "Mun je." Ya share fuska da bayan hannu, laka ta shafi goshinsa. "Har ɗakin kwanansu aka nuna mana. Gado huɗu ne a ciki. Ta taɓa na bakin taga, ta ce wannan take so."